Asalin Gidan Washington: Shekara 98 Ana Neman Uban Mutum Biyu

 Mai sauraren labaran duniya a rediyo da wuya ya kwana bai ji an ambaci Washington ba, babban birnin Amurka. Sunan mutum aka raɗa wa birnin, wato George Washington, shugaban ƙasar na farko, wanda za mu riƙa kira Joji don sauƙin baki. Shi ma sunan ba a Amurka ya tsira ba. Sunan wani ƙauye ne a arewacin Ingila. Uban kakan Joji kuwa ɗan fatauci ne da ya bi jirgin sayen taba, jirgi ya kafe a kogi, shi kuma ya zauna. Labarin baƙo ne da ya zo kasuwanci ya yi aure ya kafa gida, irin wanda mu mazauna Sabo ba sai an yi mana dogon bayaninsa ba.

A ƙarshen shekarar 1791 wani babban ma'aikacin fadar Ingila mai suna Isaac Heard ya rubuta wa Joji wasiƙa. Aikin wannan mutum shi ne riƙe nasabar manyan gidaje da tamburansu, kamar dai yadda maroƙan fada suke riƙe jerin sarakuna a ka, sai dai shi a takarda yake ajiyewa. Ya nemi shugaban ya gaya masa abin da ya sani game da kakanninsa. Joji ya ba da amsa a watan Mayu na 1792, yana da shekara 60. Bai ɓoye ba, ya ce wannan magana ce da bai taɓa mayar da hankali a kanta sosai ba. Abin da ya iya kawowa shi ne, wajen 1657, zamanin da Oliver Cromwell yake riƙe da Ingila, wasu 'yan'uwa biyu, John da Lawrence, suka yi ƙaura zuwa Bajiniya suka sauka a bakin kogin Potomac. Daga John shi ya fito. Game da garinsu na asali, ya ce ya sha jin ana cewa daga ɗaya daga cikin lardunan arewacin Ingila suke, amma ko Lancashire ne ko Yorkshire ko wani da ya fi su arewa, bai riƙe ba.

Ku duba fa. Shekara 135 kacal tsakanin saukar John da wannan wasiƙa, a gidan da suke karatu da rubutu, masu gonaki da takardun kotu, amma sunan gari ya ɓace, sunan uban John ma ya ɓace. Sabon Ibadan an kafa ta a 1916, mun riga mun haura shekara ɗari. A tsayar da saurayi a bakin kasuwa a tambaye shi daga ina kakan babansa ya taso da ya biyo goro ko shanu, zai ce Kano ko Katsina. A ce wace unguwa, wane ƙauye, ɗan waye, sai ya fara sosa ƙeya. Ranar da ake neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko aka taso da rabon gadon wata gona a gida, ranar ake gane tsadar wannan mantuwa.

To, shi Heard yana da abin da Joji ba shi da shi, wato tsofaffin takardun Ingila. A can an san gidan Washington sarai. Wajen 1180 wani William na Hertburn ya yi musayar ƙasa da babban limamin cocin Durham, ya ba da Hertburn ya karɓi wani ƙauye da ake rubutawa Wessyngton. Littafin ƙididdigar dukiyar cocin na 1183 ya ambaci wannan musaya. Daga nan mutumin da 'ya'yansa suka ɗauki sunan ƙauyen, kamar yadda za ka ji ana ce wa mutum wane Bichi ko wane Funtuwa har sunan gari ya zama na gida. Da tafiya ta yi tafiya baki ya lanƙwasa sunan ya koma Washington. Wani reshe na zuriyar ya gangara yamma zuwa yankin Lancashire, kuma daga wannan reshe aka sami Lawrence mai ulu, ɗan kasuwar gashin tumaki, wanda ya sauko kudu zuwa garin Northampton, ya yi arziki har ya riƙe magajin gari sau biyu. Da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace gidajen ibada na 'yan Katolika yana sayar da filayensu, Lawrence mai ulu ya sayi gandun Sulgrave a 1539, ya gina gida, ya sa aka sassaƙa tambarin zuriyarsu a kan ƙofa: taurari uku a sama, layuka biyu a ƙasa. Ya haifi 'ya'ya 11, maza huɗu mata bakwai.

Dukiyar ba ta daɗe a hannunsu ba. A 1610 aka sayar da Sulgrave ga wani ɗan'uwa ta wajen mace. Jikan mai ulu, shi ma Lawrence, ya rasu a 1616 aka binne shi a Brington, kuma dutsen kabarinsa ya nuna ya haifi 17, maza takwas mata tara. Cikin mazan nan akwai John, akwai Lawrence. Nan Heard ya tsaya. Ga 'yan'uwa biyu, ga sunayen da ake nema, ga tambarin gida iri ɗaya da wanda Joji yake bugawa a hatiminsa. Sai ya ɗauka su ne. Shi dai zato ya yi, amma waɗanda suka biyo bayansa suka kwashe zaton suka zuba a littattafai kamar tabbas, wannan ya kwafa daga wancan, har maganar ta zauna daram shekara kusan 70.

Matsalar gidan nan ita ce maimaita suna. Kowane tsatso sai ka sami Lawrence, John, Robert, William. Mu da muke da Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a gida ɗaya, muna rarrabe su da laƙabi, Babangida da Baffa da Abba, mun san yadda abin yake. Laƙabin kuwa ba ya shiga takarda. Bayan shekara ɗari mai bincike zai tarar da suna ɗaya sau shida, ya rasa wane ne uba wane ne ɗa.

A shekarun 1860 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Kanar Joseph Chester, wanda ya mayar da tonon tsofaffin rajistoci sana'arsa, ya bi waɗannan mutum biyu ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna John ɗin Brington sarki ya ba shi sarautar girmamawa, ya zauna a Thrapston, a Ingila ya ƙare rayuwarsa. Lawrence ɗin kuma limamin coci ya zama, bai taɓa tsallaka teku ba. Ga shi kuma a 1657 John ya manyanta, ba saurayin da zai je ya fara sabuwar rayuwa a daji ba ne, Lawrence kuwa ya riga ya rasu. Ginin Heard ya rushe. Amma rushewa daban, ginawa daban. Chester ya ci gaba da nema har ya rasu a 1882 bai gano uban 'yan'uwan ba. A ganinmu aikinsa bai gaza na wanda ya gano ba, don mutumin da ya iya cewa wannan ba kakanmu ba ne, alhali kowa yana son ya zama shi ne, ya yi abin da ba kowa yake iyawa ba.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Henry Waters, mutumin Salem ta jihar Massachusetts, da wata ƙungiyar masu binciken nasaba ta Boston ta aika Landan a 1883 don ya riƙa karanta tsofaffin wasiyyoyi. Shi bai fara daga manyan gidaje yana neman inda zai liƙa baƙin ba. Ya fara daga su baƙin ya yi baya. Ya sami takardar rabon dukiyar da Lawrence na Bajiniya ya bari a Ingila, ta kai shi yankin Luton, inda Lawrence ɗin ya yi aurensa na fari. Daga nan sawu ya kai shi wani ƙaramin gari mai suna Tring. A rajistar cocin Tring ya ga an yi wa wani Lawrence baftisma a 1635, ɗan wani Lawrence Washington, sai Elizabeth, sai William. Sannan ya ci karo da wasiyyar wani mai hali a garin, Andrew Knowling, wadda aka rubuta dab da rasuwarsa a farkon 1650. Wannan Knowling mijin uwar wata mata ne mai suna Amphillis Washington, wato ita agolarsa ce. A wasiyyar ya jera 'ya'yanta da suna: John, William, Lawrence, Elizabeth, Margaret, Martha. Mafi yawan dukiyar ya bar wa Lawrence ƙarami.

Saura a san wane ne mijin Amphillis. Cikin takardun kotun da ta duba wannan wasiyya sai ga sunan wani Lawrence Washington mai digirin jami'a, yana zaune a madadin alƙalin coci a ranar. Ba kowa ba ne illa limamin nan ɗan Brington, wanda Chester ya ce bai je Amurka ba. Gaskiya ne bai je ba. 'Ya'yansa ne suka je. Ashe Heard gidan ya dace, tsatso ɗaya ya tsallake. Waters ya buga bincikensa a 1889, shekara 98 bayan wasiƙar farko, shekara 90 bayan rasuwar Joji. Shi ma ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ya ba Amphillis sunan gidan da ba nasu ba, sai daga baya masu bincike suka tabbatar 'yar gidan Twigden ce.

Abin lura a nan, ba ta layin maza aka kama zaren ba. Wasiyyar mijin kaka ta wajen uwa ce ta buɗe ƙofa, mutumin da ko jini bai haɗa shi da yaran ba. Mu idan muna jera asali, wane ɗan wane ɗan wane muke yi, iyaye mata da garuruwansu mu bar su a baya, alhali sau da yawa tsohuwar cikin gida ita ce ta riƙe wanda ya auri wa, da inda aka kai wace.

Me ya sa zuriyar ta manta da wannan limami? Tarihinsa ba na alfahari ba ne a idon zamaninsa. An haife shi a 1602, ɗa na biyar cikin maza, a ƙasar da babban ɗa yake kwashe filin gado gaba ɗaya, sauran kowa ya nemi hanyarsa, ko coci ko soja ko teku. Shi karatu ya bi. Ya shiga kwalejin Brasenose a jami'ar Oksfod, ya zama malami a can, sannan wajen 1633 aka ba shi limancin cocin Purleigh a lardin Essex, wuri mai kuɗin shiga sosai. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa. Gidan Washington 'yan sarki ne, Essex kuwa hannun majalisa take. A 1643 aka tuɓe shi. Aka buga wani ɗan littafi mai jera limamai ɗari da aka kora, aka sa sunansa, aka zarge shi da zaman gidan giya kullum da zagin sojojin majalisa. Zargin giya abokan gabarsa ne suka rubuta, kuma irin tuhumar da aka riƙa jefa wa limaman ɓangaren sarki ce a lokacin. Laifinsa da ba a musu shi ne ɓangaren da ya bi ya faɗi. Aka bar shi da wani ɗan coci matalauci a Little Braxted, matarsa da yara suka koma Tring gidan Knowling. An sare kan sarki a watan Janairu na 1649. Limamin ya rasu cikin talauci, aka binne shi a Maldon a farkon 1653. Amphillis ta bi shi a 1655.

John, babban ɗa, ya tashi ba gado ba mukami, ba kuma damar jami'a irin ta uba. Sai ya shiga harkar da take ci a Landan, fataucin taba. Turawan Ingila sun kafa zangonsu na farko mai ɗorewa a Bajiniya tun 1607, kuma taba ce kuɗin ƙasar, da ita ake biyan haraji da bashi. A 1656 ya shiga wani ƙaramin jirgi mai suna Sea Horse a matsayin mataimakin mai jirgin, Edward Prescott. Suka iso Bajiniya, suka yi lodin taba, suna shirin juyawa a farkon 1657 sai jirgi ya kafe a Potomac, hadari ya nutsar da shi, kaya suka lalace. John ya taimaka aka tsamo jirgin, amma ya ce shi ba zai koma ba. Rigima ta tashi tsakaninsa da Prescott kan kuɗi har gaban alƙali. Wani attajirin manomi a yankin, Nathaniel Pope, ya tsaya masa, ya sauke shi, ya kuma ba shi 'yarsa Anne, da eka 700 a bakin rafin Mattox a matsayin kyautar aure. Mai masauki ya zama suruki ke nan. Ƙanensa Lawrence ya biyo shi daga baya, haka ma ƙanwarsu Martha. Wannan duk ya faru kusan shekara ɗari kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754.

Daga eka 700 John ya yi ta ƙari. Dokar ƙasar mallakar ita ce duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya ya kawo shi, a ba shi eka 50. Ya zama alƙalin yanki, ɗan majalisar Bajiniya, kanar na dakarun sa-kai. A 1674 shi da Nicholas Spencer suka sami eka 5,000 a bakin Potomac, filin da daga baya ya zama Mount Vernon, gidan Joji. Sai dai a faɗi gaskiya, filayen nan ba kango ba ne. Suna da masu su. A 1675 John yana cikin shugabannin dakarun da suka kewaye sansanin ƙabilar Susquehannock, shugabanninsu biyar suka fito don sulhu, aka kashe su. 'Yan asalin ƙasar suka laƙaba masa wani suna mai ma'anar mai cinye garuruwa. Abin mamaki, da Joji ya shiga yankunansu yana saurayin hafsa, kusan shekara 80 bayan haka, sai suka kira shi da wannan suna na uban kakansa. Mutanen da ba su da rajistar coci sun riƙe nasabarsa a ka. John ya rasu a 1677.

Sauran jerin gajere ne. John ya haifi Lawrence a 1659, Lawrence ya haifi Augustine a 1694, Augustine ya auri Mary Ball bayan rasuwar matarsa ta fari, suka haifi Joji. Igiyar da ke tsakaninsu da Ingila ba ta tsinke nan take ba, don Augustine ya yi karatu a makarantar Appleby a arewacin Ingila, ya kuma tura manyan 'ya'yansa biyu can. Wataƙila daga nan ne maganar arewa ta zauna a kunnen Joji. Shi bai je ba, ubansa ya rasu a 1743 yana ɗan shekara 11, kuma har ya bar duniya bai taka Ingila ba. Ranar haihuwarsa ma tana rikita masu bincike. A littafin gidansu an rubuta 11 ga Fabrairu, amma duniya ta san 22 ga Fabrairu 1732. Dalili shi ne a 1752 Ingila ta canza kalanda, ta tsallake kwana 11, ta kuma mayar da farkon shekara daga 25 ga Maris zuwa 1 ga Janairu. Duk takardar da aka rubuta a Janairu ko Fabrairu kafin wannan canji, shekararta tana iya zama biyu. Wanda ya taɓa juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya don cike fom ya san irin wannan ciwon kai.

Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa, wai daga taurari da layukan tambarin gidan Washington aka zana tutar Amurka. Babu takardar zamanin da ta nuna haka, kama ce kawai ta sa mutane suka ƙulla labari. Tutar birnin Washington dai, wadda aka amince da ita a 1938, ita kam daga tambarin aka ɗauko ta. Gidan Sulgrave kuwa, bayan ya zama gidan manoma ya lalace, sai a 1914 aka yi karo-karo a Birtaniya aka saye shi don tunawa da shekara ɗari na zaman lafiya tsakaninta da Amurka. A shekarar ce Lugga ya haɗe Arewa da Kudu.

Joji bai haihu ba, don haka babu mai cewa shi jikansa ne ta tsatso. Amma ƙidayar Amurka ta 2000 ta nuna mutum sama da 160,000 suna amsa sunan Washington, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari baƙaƙen fata ne. Yawancinsu kakanninsu ne suka zaɓi sunan da kansu bayan an 'yanta bayi, don bawa ba a rubuta masa sunan gida. A 1799, shekarar da Joji ya rasu, akwai bayi 317 a Mount Vernon. Guda 123 nasa ne, ya yi wasiyya a 'yanta su. Fiye da 150 na gadon mijin matarsa na fari ne, doka ba ta ba shi ikon sakin su ba, aka raba su ga jikokinta, aka raba miji da mata, uwa da ɗa. A jerin sunayen gidan za ka ga suna ɗaya ɗaya, sai aikin mutum, wani lokaci da shekarunsa. Cikin na shekarun 1770 akwai wata mata da aka rubuta Fatimer da wata ƙarama mai irin sunan, wanda masana suke ganin Fatima ce Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Akwai kuma wani kafinta da ake kira Sambo, suna da ba baƙo ba ne a kunnenmu. A Afirka aka haife shi, aka kawo shi yana yaro, da tsage a fuskarsa da zobban zinariya a kunne, kuma waɗanda suka san shi sun ce yakan faɗa shi ɗan gidan sarauta ne a ƙasarsu. An 'yanta shi a 1801, ya ɗauki sunan Anderson, ya zauna kusa da gandun yana farautar agwagin ruwa yana sayarwa, da kuɗin ya fanshi wasu daga cikin iyalinsa, don matarsa tana cikin waɗanda wasiyyar ba ta shafa ba. A 1835 an gan shi cikin 'yantattun da suka dawo suna gyara harabar sabon kabarin Joji. Ya rasu a 1845 da tsufa sosai. Takardun gidan sun rubuta aikinsa da sunan matarsa da na 'ya'yansa, amma ba su rubuta sunan ubansa ko na garin da aka ɗauko shi ba.